Yadda Ake Sauya Ƙwaƙwalwar Injin Tsohuwar Hilux Ba Tare da an Ƙona Sabuwar Ba

A daminar da ta wuce aka jawo min wata Hilux fara da igiya har ƙofar gareji. Mai ita dattijo ne, ɗan kasuwar hatsi, ya fito riƙe da baƙar leda mai ɗauke da ƙwaƙwalwar inji guda biyu, abin da muke kira birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin injin. Ya ce, "Malam, ta farko ita ce ta zo da motar. Ta biyun na saya, kwana tara ta yi ta bi 'yar uwarta. Yanzu an ce in sayi ta uku." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri da sayen tukuna, bari mu ga abin da ke cinye su." Da na buɗe bonet, batirin ya kumbura ta gefe, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na tambaye shi ko kwan fitilunsa na yawan ƙonewa, ya ce kusan duk mako biyu sai ya canja. Altanetarsa ce ke tura wuta fiye da kima, kuma da ya sayi ta ukun, ita ma hanyar da za ta bi ke nan.

Shi ya sa wannan jagora za ta daɗe a kan bincike kafin ta kai ga kwance ƙusa. Cire tsohuwa a ɗaura wata aikin rabin awa ne. Abin da ke cin lokaci shi ne tabbatar da cewa ta mutu da gaske, da gano abin da ya kashe ta, sannan a daidaita wadda aka kawo da makullin motar.

Motar da zan yi misali da ita ita ce Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015, mai injin fetur 2TR-FE, silinda huɗu, lita 2.7. Ita ce akori-kurar da ta cika hanyoyinmu, daga ta gwamnati da aka yi gwanjo zuwa ta manoma. Yawancin abin da zan faɗa ya hau kan sauran motocin Toyota na wannan zamani, kuma inda mai dizal ta bambanta zan nuna.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai auna wuta, kwan gwaji, sifana mai lamba 10, sukundireba, na'urar duba mota mai karanta lambobin matsala, feshin wanke soket, da zanen wayoyin motarka. Kada ka raina wannan zanen. Launin waya na canjawa daga shekara zuwa shekara da kasuwa zuwa kasuwa, amma sunayen da Toyota ta ba haƙoran soket ɗin, irin su +B da VC da E1, suna nan a zane, kuma da su za ka yi aiki.

Ta mutu ne, ko wuta ce ba ta isa gare ta ba?

Murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Dubi fitilar cak, mai siffar inji. Ƙwaƙwalwar ce ke kunna ta, don haka idan ta kama, ƙwaƙwalwar ta farka. Idan sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, inji na juyawa amma ba ya tashi, na'urar dubawa kuma ta ce ta kasa magana da motar, a nan ne galibi ake yanke hukuncin cewa birenbos ta ƙone. A nan kuma ake asarar kuɗi, domin abubuwa uku masu arha suna kawo wannan alama daidai wa daida.

Na farko wuta. Fara da batir: mai lafiya a huce yana nuna kusan bolt 12.6. Sai ka je akwatin fiyus na cikin bonet ka duba fiyus mai suna EFI, sannan na IGN a akwatin fiyus na cikin mota. Kada ka duba da ido kawai, sa kwan gwaji a kunnuwansa biyu. Daga nan sai rilen da ke miƙa wa ƙwaƙwalwar wuta idan an murza makulli. Ɗora yatsa a kansa, wani ya murza maka, ya kamata ka ji ƙas. A soket ɗin ƙwaƙwalwar kanta, BATT na da wuta ko da yaushe, IGSW na samu idan an murza makulli, +B kuma ita ce wadda ke zuwa ta rilen. Duk wadda ta ɓace a cikinsu, matsalar tana kan hanya, ba ta kai ga ƙwaƙwalwa ba.

Na biyu wayoyin ƙasa, E1 da E01 da E02, waɗanda ake ɗaurewa a jikin inji. Motar da aka taɓa sauke mata inji ko aka buɗe kansa, sau da yawa za ka tarar an manta da ɗaya tana lilo, ko an ɗaure ta a kan tsatsa da maiƙo. Makulli a buɗe, sa baƙin tsinken mita a kan nagetib na batir, jan kuma a bayan wayar ƙasan da ke soket. Abin da ya wuce bolt 0.1 alama ce ta cewa haɗin ba shi da kyau. Kwance, kankare har ƙarfe ya fito fes, ka mayar.

Na ukun shi ne wanda na fi so kowane yaro mai koyon rewaya ya haddace. Ƙwaƙwalwar na fitar da bolt 5 ta layin VC, tana ciyar da wasu sensoci, kamar na maƙogwaron totur da na fedal ɗinsa. Idan ɗaya daga cikinsu ya haɗe a ciki, ko ɓera ya ci waya ta taɓa ƙarfe, bolt 5 ɗin nan sai ya faɗi ƙasa, kuma da yake ƙwaƙwalwar kanta da shi take aiki, sai ta yi shiru tamkar ta mutu. Auna VC. Idan ka ga sifili ko abin da ke kusa da shi, riƙa zare soket ɗin sensocin ɗaya bayan ɗaya, kana duba fitilar cak bayan kowanne. Wanda ka zare fitilar ta dawo, shi ne mai laifin. Na sha ganin an jefar da ƙwaƙwalwa mai rai saboda sensa guda.

Idan wuta ta isa, ƙasa na da kyau, ka zare sensocin duka amma VC bai dawo ba, to yanzu kana da hujja. Haka idan na'ura na magana da motar amma tana kawo P0604 ko P0606 ko P0607, ka goge su suka dawo nan take alhali batir da wayoyi lafiya lau. Lambobi ne da ke nuni ga cikin ƙwaƙwalwar kanta. Amma P0335 maganar sensan kiranshaf ce, P0351 zuwa P0354 kuma ta kwayil ce, sai a bi layinsu tukuna. Wani lokaci ɓangare ɗaya ne kawai ke mutuwa a ciki: mota na tashi amma silinda guda ba ta aiki, ka musanya kwayil da filogi da nozul da na wata silinda matsalar ba ta bi su ba, wayar kuma ba ta tsinke ba. Wannan ma hujja ce.

Hanya mafi sauri ta rufe gardama ita ce a aro wata ƙwaƙwalwa mai lamba ɗaya a gwada. Sai dai kada ka jona ta ɗan uwanka a motar da ba ka gama binciken da ke tafe ba, don kada ka mayar masa da gawa.

Me ya kashe ta?

Wannan akwati ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma yana iya yin shekara ashirin bai yi ko tari ba. Idan ya mutu, kusan kullum wani abu ne daga waje. Zauna da mai motar ko direbansa ka tambaya cikin ladabi, me ya faru a kwanakin ƙarshe. Direbobi kan ɓoye don tsoron maigida, don haka ka nuna masa ba kama mai laifi kake yi ba.

An yi walda a jikin motar batir na jone? An ba ta wuta daga wata mota aka juya kan wayoyin, ko daga babbar mota mai bolt 24? An zare kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji? Wannan na ƙarshen al'ada ce da muka gada daga zamanin motocin kafireta, kuma tana ɓata min rai duk lokacin da na gani. Batir shi ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Ka zare shi, tsallen ya tafi kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Mita na ba ka amsar da kake nema cikin daƙiƙa biyar ba tare da ka sa komai a haɗari ba.

Sai ruwa. A wannan Hilux ƙwaƙwalwar na bayan durowar gaban fasinja. Gilashin gaba da aka canja ba a like da kyau ba, magudanar da ke ƙarƙashin gilashin da ganye da ƙasa suka toshe, ko bututun zubar da ruwan AC da ya cushe, duk suna iya jiƙa wannan lungu. Taɓa kafet ɗin ƙafar fasinja, ka shinshina. Idan ka zare soket ka ga haƙoran sun yi kore-kore kamar tsohuwar tagulla, ko farin gari ya taru a gindinsu, ruwa ya shiga. Ka toshe inda yake shigowa kafin komai.

Sai kayan da ƙwaƙwalwar ke sarrafawa. Nozul ɗin wannan inji mai lafiya yana nuna wajen om 12 a mita. Wanda ya nuna ƙasa da haka sosai ya haɗe a ciki, kuma yana iya ƙona ɓangaren da ke tura shi. Duba huɗun duka. Duba kwayil ko akwai wanda ya tsage ko ya narke. Bi damin wayoyin da hannu inda ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, da inda yake gogar ƙarfe. Buɗe akwatin fiyus ka nemi wanda aka ɗaure da zaren waya ko aka sa mai lamba sama da wadda aka rubuta a murfi. Duk wata waya da aka yanka don jona na'urar bin sawu, ƙararrawa ko ƙarin fitila, kwance salatif ɗin ka gani da idonka.

Sayen wadda ta dace

Kada ka shiga kasuwa ka ce a ba ka birenbos ɗin Hilux. Jikin tsohuwar akwai takarda mai lamba, ta Toyota kan fara da 89661, a wannan ƙirar kuma rabin na biyu kan fara da 0K. Ɗauki hotonta, ko ma ka tafi da akwatin gaba ɗaya. Lambar ta yi daidai har harafin ƙarshe. Soket na iya shiga daram alhali abin da ke ciki na wata mota ne: mai giyar hannu ko mai canja giya da kanta, mai makulli mai cif (wato 'yar na'urar cikin makulli da mota ke tantancewa kafin ta tashi) ko marar shi, wadda aka ƙera don ƙasashen Larabawa ko wata kasuwa daban. An haɗa irin wannan Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu, kuma duk suna yawo a nan. Wadda ba ta dace ba tana iya tayar da inji, amma ta bar ka da shan mai, ko fitilar cak da ba ta mutuwa, ko giya mai fizga.

A lura kuma, mai yiwuwa wadda ke cikin motar ba ita ce ta asali ba, wani ya taɓa canjawa. Idan ka ga rubutun fenti irin na 'yan kasuwa a jikinta, sa a duba maka lambar da ta dace ta hanyar lambar shasi.

Sabuwa dal tana da tsada ƙwarai, don haka yawancinmu ta Beljiyam muke nema, a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Juya ta a hannu. Haƙora su kasance a miƙe, masu ƙyalli. Kan ƙusoshin murfi su nuna ba a taɓa kwance su ba. Kai ta hanci: wadda ta ƙone tana da wani ƙauri da ba ya ɓoyuwa. Ku yi magana a fili da mai kaya kan kwanakin gwaji, a rubuta lambar a rasit, ya sa alamarsa a jiki don kada a yi musu idan ka dawo da ita. Idan motarka mai makulli mai cif ce kuma ka samu saiti daga mota ɗaya, wato ƙwaƙwalwa da ƙaramin akwatin tsaro mai tantance cif ɗin da makullinsu, ya rage maka wahala.

Akwai kuma gyara. Motocin shekarun 1990 kan yi fama da kafasitocin da suka tsufa suka zubar da ruwansu a kan allo, kuma mai hannu da kyau na iya canja su. Idan ɓangare ɗaya ne ya ƙone, allon bai ci wuta ba, gyaran na da fa'ida ɗaya babba: ƙwaƙwalwarka ta riga ta san makullinka. Allon da ruwa ya ci ya yi tsatsa kuwa, ba na ba kowa shawarar ya dogara da shi a hanyar daji.

Cirewa da ɗaurawa

Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu. Kwance nagetib na batir da sifana 10, ka kautar da wayar inda ba za ta dawo ta taɓa ba. Jira aƙalla daƙiƙa 90, saboda jakar iskar fasinja na nan kusa kuma na'urarta na riƙe wuta na ɗan lokaci. Wayoyi da soket masu ruwan ɗorawa nata ne, kada ka taɓa su.

Buɗe durowar, matse gefunanta ta sauko, ka cire ta. Ɗauki hoto kafin ka zare komai. Kowane soket na da ɗan harshen da ake dannawa. Danna shi ka ja jikin soket ɗin, kada ka ja wayoyin. Robar motar da ta sha zafin shekara goma sha biyar ta bushe, don haka a hankali, kana ɗan girgizawa. Kwance ƙusoshin maƙalin, fito da ita, ka mayar da maƙalin jikin wadda ka kawo. Taɓa ƙarfen mota da hannu kafin ka ɗauke ta, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wuta, kuma kada yatsa ya taɓa haƙoran.

Haska tocila cikin soket ɗin motar. Ramin da ya buɗe baki ko ya koma baya zai ba ka matsalar da ke zuwa tana tafiya. Fesa maganin wankewa, bari ya bushe sarai. Ɗaure ƙwaƙwalwar a mazauninta tukuna, sannan ka tura kowane soket a miƙe har ka ji ya ce ƙas. Wanda ya ƙi shiga, fito da shi ka duba, kada ka sa ƙarfi. Mayar da batir, amma bar durowar a waje.

Murza makulli, kada ka tayar. Fitilar cak ta kama? Na'ura ta yi magana da motar? VC ya nuna bolt 5? Babu ƙauri, babu fiyus da ya tsinke? To ci gaba.

Daidaita ta da makulli

Idan motar ba ta da makulli mai cif, tana iya tashi nan take. Idan tana da shi, za ka ga inji na juyawa ba ya kamawa, ko ya kama ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, na'ura kuma ta kawo B2799. A nan mutane da yawa ke komawa kasuwa da faɗa, alhali kayan lafiyarsu ƙalau. Akwatin tsaro ne da sabuwar ƙwaƙwalwar ba su san juna ba.

A motocin Toyota da akwatin tsaronsu ke zaman kansa, ga yadda ake gabatar da su. Nemo soket ɗin da ake jona na'urar dubawa a ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. Idan faffaɗan gefensa na sama, layin sama daga hagu 1 ne zuwa 8, na ƙasa 9 zuwa 16. A wasu motocin a kife yake, don haka ka tabbatar da mita: rami na 16 shi ne mai wutar batir kullum, kuma shi ne wanda wayarka ba za ta kusanta ba. Makulli a kashe, haɗa rami na 4, wato CG, da na 13, wato TC, da 'yar gajeriyar waya. Sa makullin motar na asali, murza har fitilu su kama, kada ka tayar. Fitilun dashbod za su riƙa ƙiftawa, haka ake so. Bar ta minti 30 cif, ka ƙara ɗaya ko biyu a kai. Kashe fanka da rediyo da fitilu, kuma batir ya kasance cike, domin idan wuta ta yi ƙasa a tsakiya sai an sake daga farko. Lokaci ya cika, kashe makulli, zare wayar, ka tayar.

Idan ta ƙi bayan ka yi sau biyu yadda ya kamata, kada ka ci gaba da maimaitawa. Akwai motocin da lambobin makulli ke cikin ƙwaƙwalwar injin kanta, waɗannan sai mai na'urar da zai kwafe bayanan tsohuwar zuwa sabuwar, ko ya goge ta a yi wa makullan rajista daga farko. Saboda haka kada ka yar da tsohuwar, kada kuma ka bayar da ita a musaya kafin mota ta tashi. Za a yi maka tayin a kashe tsaron gaba ɗaya. Ni ba na so, don ka mayar da motarka wadda kowane yankakken makulli zai tayar.

Mai dizal, 2KD ko 1KD, tana da ƙarin aiki. Kowane nozul na da doguwar lamba a kansa, kuma dole a shigar da huɗun cikin sabuwar ƙwaƙwalwar da na'ura irin Techstream, kowanne a silindarsa, sannan a sa ta koyi famfon mai. In ba haka ba inji zai riƙa ƙwanƙwasa da hayaƙi. Tana kuma da wani akwati daban mai tura nozul, wanda mutuwarsa kan yi kama da ta ƙwaƙwalwa. Tacoma da Tundra da aka shigo da su daga Amurka kuwa, na shekarun baya-bayan nan suna son a rubuta musu lambar shasi a ciki, idan ba a yi ba sai su kawo P0630.

Da zarar ta tashi

Mita ta kasance a kan batir tun kafin ka murza. Inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Taka totur kaɗan, ka kunna fitilu, ka sake dubawa. Idan ta haura 15, kashe motar nan take. A motar Alhaji, allurar mitar ta wuce 16 kafin in ɗauke ƙafa daga totur. Muka kashe, muka canja altaneta da batir, sannan muka sake tayarwa.

Caji ya yi daidai, sai ka bar inji ya ɗumama har allurar zafi ta kai mazauninta, ba AC ba fitila. Silo, wato juyin inji ba tare da an taka totur ba, na iya hawa da sauka da farko, domin sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta san wannan injin ba tukuna. Idan maƙogwaron totur ya yi baƙi da datti, wanke shi, don tsohuwar ta saba da dattin, wannan ba ta saba ba. Bayan 'yan mintuna kunna AC ka ga ko silo zai riƙe. Inji na aiki, girgiza damin wayoyin da ke bayan durowa da na cikin bonet a hankali. Idan ya yi tuntuɓe, akwai haɗin da bai zauna ba.

Goge lambobin matsala, fita da ita tafiyar kamar minti ashirin, cikin gari da kan titi, ka tsaya ka kashe ka sake tayarwa tana da zafi. Dawo ka sake jona na'ura. Washegari da sassafe ka tayar da ita a sanyi ka sake dubawa, domin wasu lambobin sai a tafiya ta biyu suke fitowa. Idan duk wannan ya wuce lafiya, zuba ruwa bokiti guda a kan gilashin gaba, ka leƙa da tocila ta inda durowar take ka ga ko akwai ɗigo. Wurin a bushe, sai ka mayar da durowa, ka rubuta lambar ƙwaƙwalwar da ranar da aka ɗaura ta a cikin takardun motar.